Sai Ta Nuna

Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, ya kuma ga fari-fari ya soma sauka a baƙin idonsu, ina roƙonsa ya karanta wannan kafin ya saurari shawarar kowa. Sunana Kulu, a wata tunga kusa da Ka'oje aka haife ni, kuma labarin idanun mahaifiyata ne, Inna Dije, Allah ya ji ƙanta. Shekaru sun ja, amma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci, in rasa wanda zan yi fushi da shi.

Inna sana'arta nono. Tun tana budurwa take ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwar Lolo, kuma mace ce mai ido, daga nesa take gane nonon da aka yi wa ha'inci da ruwa. A shekarar da aka ba mu mulkin kai, lokacin da 'yan makaranta ke yawo da 'yan tutoci, sai ta fara tambaya wa ya hura ɗanyen itace har hayaƙi ya cika tsakar gida, alhali ko murhu ba a taɓa ba. Idon dama ne ya fara. Kafin shekara ta zagayo baƙinsa ya koma fari fat. Na hagu ma ya soma bin sawu, amma da shi take lallaɓawa.

Kowa ya duba sai ya ce yana ce. Kalmar nan ita ta fara cutar mu. Mu yanar da muka sani ita ce wadda ke kwanciya a kan koko ko madara in sun huce, ka sa ludayi ka kwashe, abin da ke ƙasa lafiya lau. Inna kanta haka ta ɗauki abin, har tana dariya.

"Abin da nika kwashewa kowace sahiya? Ku dai samo min mai hannu."

Babanmu ya riga ya rasu, saboda haka maganar gida tana hannun yayana Bello, manomin shinkafa, mutum mai son Inna kamar ransa. Wata ranar kasuwa ya dawo daga Lolo ko zama bai yi ba ya fara ba da labari. Wai wani mutum ya ƙetaro daga ƙasar Dahome, yana zaune bayan 'yan kifi, aikinsa kwashe yana.

"Da idona nig gani, Inna. Tsoho anka jawo da sanda, yat tashi shina ƙidayar awakin mutane."

Na ce ko za a fara gwada asibiti. Gwaggo Tumba, ƙanwar babanmu, ta yi mini kallon wadda ta yi saɓo.

"Asibiti? Can da aka hidda idon mutum a aza cikin kwano? Ba da matar wana ba."

Ni 'ya mace ce, ƙarama, kuma ina gidan miji. Maganata ba ta wuce bakin ƙofa ba. Aka sayar da karsanar Inna, aka kira mutumin.

Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai tsabta da ladabi, Hausarsa kaɗan, rabi Dendanci. Da hantsi ya sa aka kifa turmi, ya zaunar da Inna tana fuskantar rana. Bello ya rungume kanta a ƙirjinsa, ni na riƙe hannuwanta. Ya matsa mata ruwan wani ganye a idon dama, sannan ya zaro wani siririn ƙarfe kamar allurar ɗinkin buhu amma ya fi ta siranta, ya shigar da shi ta gefe, ta farin idon. Inna jinin Fulani ce, ko uhm ba ta ce ba, sai faratanta da suka nutse a tafin hannuna. Can ya zare ƙarfen, ya rufe mata na hagu da tafinsa, ya ce ta duba.

"Kulu," in ji Inna, "kallabinki ja na?"

Ja ne kuwa. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, Bello ya saki kuka kamar yaro. Mutumin ya ɗauraye ƙarfensa a ƙoƙon ruwa, ya miƙo mana. Ga wani ɗan farin abu kamar fatar albasa yana yawo a kan ruwan. Ya ce ga yanarmu nan, mu binne ta a bayan ɗaki. Da hannuna na tona ramin, ina ta godiya ga Allah.

Kafin ya tafi ya kafa doka. Kada ta tauna abu mai tauri, kada ta yi tari in da hali, kuma babbar dokar, kada ta sunkuyar da kai ko a salla, ta yi da ishara har sai wata ya mutu. Da kasuwa ta sake zagayowa, aka ce ya koma ƙasarsu.

Makon farko mun ji daɗi. Gani ne na dishi-dishi, da idon ba ta gane fuska sai launi da motsi, amma wanda ya fito daga duhu ko wannan sarauta ne. Maƙwabta suka riƙa tururuwa, kowa na ɗaga mata abu, ta rufe na hagu ta faɗa. Mijina, Allah ya saka masa, ya ba ni izini in zauna in yi jinya har ta warware.

A mako na biyu idon ya yi ja, ya fara zubar da ruwa. Ta daina son haske, muka rataya zane a ƙofa. Daga nan ciwon kai ya sauka, ɓari guda, tun daga gira har ƙeya. Ta ce kamar ana buga turke a ciki. In ta sha ko kunu ne sai ya dawo. Na taɓa idon ta kan fata da yatsa, na ji shi da tauri kamar ɗanyar goriba.

Nan fa likitocin dangi suka tashi. Wata ta ce nonon mai jego, aka nemo aka ɗiga. Wani ya ce zuma farar saƙa. Aka karɓo rubutu aka wanke idon da shi, aka yi turare, aka kira wanzami ya yi mata tsaga a gefen goshi don mugun jini ya fita. Kowa ya zo da nasa, kuma kowa in nasa bai ci ba sai ya ce na wancan ne ya karya shi. Ni ce mai ɗigawa, ni ce mai gogewa, ina gani abin yana gaba amma ba ni da abin da ya fi nasu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da Gwaggo ta gano mai laifi.

"Ni nig ganta ran Juma'a da la'asar, ta kai goshi ƙasa. Mutum ya ce kada a sunkuya, an sunkuya. To wa za a zarga?"

Inna tana kwance ta juya fuska ga bango, ta ce, "Mantuwa niy yi. Shekara nawa ina sujada, jiki ya saba."

Daga ranar ta daina kukan ciwo gaba ɗaya, tunda a ganinta ita ta jawo wa kanta. Sai dai ka ga tana murza gefen tabarma har ta tsinke.

Sai da wata ya wuce, ganin da aka yi wa guɗa ya tafi sarai, sannan Bello ya ce a tafi asibiti. Aka sayar da shinkafar da aka ajiye don ci. Muka ƙetare gulbi a kwalekwale, na lulluɓe kan Inna da zane saboda ƙyallin ruwa. Mai jirgin ya dube ta ya ƙi karɓar ko anini, ban san sunansa ba amma har yau ina sa shi a addu'a. Daga Bagudo muka hau bayan babbar mota tare da buhunan busasshen kifi. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji jikin Inna ya ƙame a jikina. Muka kwana a hanya kafin mu kai birni.

Asibiti kuma wata duniya ce. Layin karɓar kati daban, layin ganin malamin asibiti daban, sannan a ce likitan ido ba kullum yake zama ba. Muka yi zaman jira a gindin wata bishiya da ke bakin shinge, mu da ire-irenmu. Wata baiwar Allah mutuniyar Zagga, da ta kawo mijinta, ita ta raba mana tabarmarta da furarta, ta kuma koya mini in riƙa ajiye dutse a layi tun asuba. Ba don ita ba da mun gaji mun koma.

Likitan Bature ne mai furfura, tafintansa wani ɗan Zariya. Ya daɗe yana leƙa idon da wani madubi. Ya tambayi abin da aka yi, Bello ya ba da labari tiryan-tiryan, har ya ƙara da cewa yanar dai an fitar da ita, don mu muka binne ta. Likita ya girgiza kai ya yi magana mai tsawo.

"Ya ce ba a fitar da komai ba," in ji tafinta. "Abin nan da kuke kira yana ba a saman ido yake ba. Wata 'yar ƙwaya ce a ciki, kowa yana da ita, garau take kamar ruwa, tsufa ke sa ta yi fari. Mutumin tura ta ya yi ta faɗa can ƙasan ido don haske ya sami hanya. Wani lokaci takan faɗa ɗungurungum ta kwanta, mai ita ya ɗan gani. Ta tsohuwar nan fashewa ta yi. Gutsattsarinta ne ke ciki suna cin idon."

Na ce to mene ne muka binne? Tafinta ya ɗaga kafaɗa, bai ma juya wa likita tambayar ba.

Bello ya matso. "Ranka shi daɗe, guga ma in ta hwaɗa rijiya ana sa ƙugiya a hiddo ta. Ba a iya tsamo su?"

Likita ya saurara, ya amsa a hankali. Tafinta ya ce, "Ya ce babu ƙarfen da ke kaiwa can. Ba nan kaɗai ba, ko a ƙasarsu."

Mun sayar, mun ƙetaro, mun yi layi, ga mu gaban wanda aka ce ya fi kowa sani, shi ma hannunsa bai kai ba. Inna ta ja gefen zanena ta yi mini raɗa, ni kuma na faɗa da ƙarfi: sujadar da ta yi ce ta ɓata aikin?

"Ya ce ko ta yi ko ba ta yi ba. Tun ranar da ƙarfen ya shiga ta fashe."

Inna ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ko ba komai mun samo wannan, kuma na gode wa likitan nan a kansa.

Aka ba mu maganin ɗigawa da ƙwayoyi, aka ce mu zauna kusa ana dubawa. Muka yi makonni a zauren wani falke. Zafin ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan, muna murna, sai tafinta ya gaya mini a gefe cewa ba warkewa ba ce, idon ne ke mutuwa. Likita ya ce in tana so a cire shi ta huta. Inna ta ce da shi aka haife ta, da shi za a rufe ta. A hankali idon ya motse ya shige ciki.

Saura na hagu, shi ke nan abin da ya rage mata a duniya. Likita ya ɗaga yatsu a gabanta, ta ƙidaya daidai. Ya ce wannan zai iya yi masa aiki na gaskiya, ya fitar da ƙwayar waje, a ba ta tabarau ta ga jikokinta. Amma ba yanzu ba.

"Sai ta nuna," in ji tafinta. "In kun ɗaga yatsu a gabanta ta kasa faɗa, to ta nuna, ku kawo ta. Amma ku ji da kyau, kada ku yi sanya. Abin da ya nuna in aka bar shi lalacewa yake yi."

Wannan magana ta zauna mini a kai. Wato mu koma gida mu zuba ido uwarmu ta gama makancewa, sannan a taimake ta. Ban ga laifin likita ba, haka aikin yake a wancan zamani, amma jira ne mai cin rai.

Muka dawo. Ni na koma ɗakina a Ka'oje, ga goyo ga aikin gida, sai jefi-jefi nake leƙowa. Bello ya ɗauki gwajin yatsu kamar farilla. Kowace Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya durƙusa gaban Inna ya ɗaga hannu.

"Inna, nawa na?"

"Biyat."

"Yanzu hwa?"

"Biyu."

Rani ya wuce, bazara ta wuce, ruwa ya sauka. Duk wanda na aika ya tambayo sai Bello ya ce lafiya lau, tana ƙidayawa, ba ta nuna ba tukuna. Ta daina zuwa Lolo, amma a gida ba ka cewa komai. Tana tatsa, tana kaɗa nono, tana zuwa randa ta dawo ba ta yi tuntuɓe ba. Gidan da mutum ya yi shekara da shekaru a ciki, ƙafarsa ma ta haddace shi.

Tsakiyar damina na zo wuni. Muna hira a tsakar gida, ga ƙwaryar nono a gabanta a buɗe, sai wata kaza ta zo ta tsoma baki tana sha. Inna, wadda ƙuda ma ba ya wuce mata, tana fuskantar wurin tana ba ni labarin wata saniya. Na kori kazar, na durƙusa inda Bello ke durƙusawa, na mayar da hannuwana biyu baya na riƙe.

"Inna, nawa na?"

"Biyat."

"Yanzu hwa?"

"Biyu."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Bello mutum ne mai hanya ɗaya, tun yana yaro ko gona ta hanya ɗaya yake zuwa. Kullum tafin hannu yake fara buɗewa, sannan ya ɗaga biyu, bai taɓa sauyawa ba. Wa ya san shi kamar wadda ta haife shi?

Ta ji shessheƙata, ta gane. Ta laluɓo hannuna.

"Kulu, kada ki hwaɗa ma yayanki."

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun kahin ruwan hwarko." Sannan ta ce, "Ƙarhe guda ya ishe ni, ɗiyata. Kuma mi yar rage a garke da za a sai da?"

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban iya yi mata faɗa ba. Amma ban rufa mata ba, a ranar na gaya wa Bello. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya buɗe tafin hannunsa yana kallo kamar ba nasa ba. Sannan ya ce gobe-goben nan za a tafi.

Ba a tafi ba. Gulbi ya cika ya batse a shekarar, ya shanye shinkafar fadama, ya hau hanya. Ko an sami mai ƙarfin halin ƙetarar da mu, bayan Bagudo ruwa ya yanke hanyar mota, babu mai shiga babu mai fita. Bello ya je bakin ruwa ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, amsa ɗaya ce: sai ruwa ya janye. Na roƙi mijina ya bar ni in zauna, ya bar ni.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Muna cikin jiran nan, wata safiya Inna ta ƙi fitowa daga ɗaki, ta ce a rataya zane a ƙofa. Na shiga na ga idon hagu ya yi ja yana ruwa. Na taɓa, na ji taurin nan da na sani. Ciwon kai ya biyo, amai ya biyo, komai bi da bi kamar na farko, sai dai wannan karon na san sunan kowane mataki kafin ya iso. Na ɗauko kwalbar maganin bara, na tarar ta bushe ƙaraf. Abin da nake da shi tsumma ne da ruwan randa, in jiƙa in ɗora, in ya yi ɗumi in sake jiƙawa. Gwaggo Tumba ta zo, ba ta kawo shawara ko ɗaya ba. Ta zauna a ƙarshen tabarma tana matsa wa Inna ƙafafu, kullum, har ciwon ya yi makonninsa.

Da zafin ya fara sauka Bello ya yi hamdala, ya ce Allah ya kawo sauƙi. Na bar shi da murnarsa. Ni na riga na ji abin da saukar zafi ke nufi, amma na riƙe a cikina, ina cewa wataƙila wannan daban ne, tunda ƙarfe bai taɓa shi ba.

Sai da kaka ta yi hanya ta buɗe. Aka sayar da bijimin da ya rage da tasoshin jeren Inna. Wannan karon ita ta fara shiri. Ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na saƙi, ta kira kowa ta nemi gafara, ta ce ta yarda a sa mata wuƙar, ta gaji da jin muryar jikokinta ba fuska. A cikin mota har tana tsokanar Bello, wai in ta sami tabarau ita za ta riƙa ɗaga masa yatsu.

Baturen ya koma ƙasarsu, kamar yadda da yawansu suka koma a shekarun nan. Wanda muka tarar matashi ne, ɗan ƙasa, Hausa a bakinsa ba ruwansa da tafinta. Ya gaishe ta har da russunawa, ya ji labarinmu bai katse mu ba. Ya danna idon da yatsu biyu, na ga fuskarsa ta sauya. Ya shigar da mu wani ɗan ɗaki, ya ja labule, ya ɗauko ƙaramar tocila.

"Inna, zan haska miki fitila. In kin ga haske, ko yaya yake, ki nuna mini ta inda ya fito. In dai kina ganin haske, zan yi miki aiki."

"To, ɗana."

Ya kunna. Ya kawo ta dama, ya kawo ta hagu, ya ɗaga sama, ya sauke ƙasa. Sannan ya kawo ta tsakiya, dab da idon, har na ga farin da ke ciki yana ƙyalli. Inna tana zaune ta miƙe wuya, ta ware idon iyakar ƙarfinta, hannunta a ɗage ta shirya nunawa. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Da jiran ya yi mata tsawo sai ta ɗan yi murmushi, ta ce, "Kunna mana, ɗana. Na shirya."

Likita ya dube ni, ya dubi Bello. A cikinmu aka rasa wanda zai gaya mata a kunne take.